ZOƁO: Jan Ruwan Da Likitoci Suka Sa Wa Ido

In dai zancen zuciya ne, 'yan uwana mata, babu wanda zai nuna mana komai a wannan mujalla tamu. Kowace fitowa sai an sace zuciyar wata, an karya ta wata, wata kuma likita ya ja mahaifinta gefe ya ce masa 'yarsa ta kamu da ciwon zuciya, in ba a ba ta wanda take so ba to sai dai haƙuri. Hanta ma ba a bar ta a baya ba, domin da zarar an ji gyaran muryar Baba a zaure alhali saurayi bai tafi ba, sai hantar cikin yarinya ta kaɗa. To yau ba waɗannan za mu taɓa ba. Zancenmu a kan zuciyar nama ne, wadda take bugawa kusan sau 100,000 a kowace rana ko da so ko babu, da kuma hantar gaske, mai nauyin kusan kilo ɗaya da rabi, wadda take ɓoye a ƙarƙashin haƙarƙarin dama tana tace duk abin da kika haɗiya.

Abin da ya haɗa su a yau kuwa shi ne zoɓo. E, zoɓon nan dai da kike saye a leda a bakin get ɗin makaranta lokacin tara, wanda kike ɗaure wa Umma na sayarwa ranar Asabar, wanda ba a shan ruwan azumi ko kamun amarya babu shi. Mu a wurinmu abin kashe ƙishirwa ne, amma shekaru fiye da 25 ke nan masu bincike a Iran da Meziko da Amurka da Taiwan da ma nan Najeriya suna ta aunawa da gwadawa a kansa, kuma abin da suka gano ya cancanci kowace 'ya mace ta sani, mai daɗin da marar daɗin.

Tsiron ai kun san shi. Ganyensa ne yakuwa, ko sure a bakin mutanen Sakkwato da Nijar. 'Ya'yansa ne gurguzu da ake daddawar batso da shi. Shi kuma jan nan da muke jiƙawa, soɓorodo, ba furen ba ne kamar yadda da yawa suke zato, rigar da ta lulluɓe ƙwanson 'ya'yan ce bayan furen ya kaɗe. Mutanen Sudan da Masar suna ce masa karkade, a Senegal bisaf, a Gana sobolo, su kuwa mutanen Meziko hamaika suke ce masa, kuma buhun-buhun ake lodinsa daga Jigawa, musamman Maigatari, ana kai musu har can.

KUMBURIN DA BA A GANI

Kafin mu je ga zoɓon, sai kin fahimci wata kalma da likitoci suke yawan faɗa, wato kumburi. Tuna ranar da wuƙa ta yanke ki wajen yankan kuɓewa. Wurin ya yi ja, ya ɗau zafi, ya tasa, yana zogi. Wannan ba mugun abu ba ne, sojojin jini ne suka yi dafifi a wurin don su kashe ƙwayoyin cuta su ɗinke raunin, in sun gama aikinsu su watse. Matsalar tana zuwa ne idan sojojin nan suka ƙi komawa bariki. Akwai wani irin kumburi ɗan kaɗan-kaɗan da yake zama a cikin jiki shekara da shekaru, ba zafi, ba zogi, ba a ganinsa a madubi, yana ci kamar wutar ƙaiƙayi. Ƙiba mai yawa tana kawo shi, haka yawan sukari, hayaƙin taba, da zaman wuri ɗaya babu motsi.

A cikin jijiyoyin jini ga yadda yake ɓarna. Bangon jijiya daga ciki sumul yake kamar sabon tangaran. Idan hawan jini ya daɗe yana dukansa sai ya fara kurjewa, wani mugun maiƙo da ke yawo a jini, wanda ake kira kolastarol, ya samu kafar shiga ya maƙale. Sai fararen ƙwayoyin jini su biyo shi su haɗiye, su ma su maƙale, a hankali wurin ya yi tudu, hanya ta ƙuntata, kamar dai magudanar tsakar gida da ake zuba wa ruwan wanke-wanke mai maiƙo. Ran da tudun ya fashe jini ya daskare a kansa, in a zuciya ne a ce bugun zuciya, in a ƙwaƙwalwa ne a ce shanyewar ɓarin jiki. Sai ki ji ana cewa, "Wallahi lafiyarta ƙalau, a banɗaki ta faɗi." Alhali abin ya yi shekara 15 yana ginuwa.

To ina zoɓo ya shigo? Sirrin yana cikin jan launin nan da yake ɓata miki farin hijabi. Masana suna kiran sinadaran da ke ba shi launi antosayanin, dangin waɗanda ke cikin baƙin inabi ne, kuma tare da su akwai wasu masu ba shi tsami. A ɗakin gwaji an ga waɗannan sinadarai suna hana mugun maiƙon nan lalacewa, wanda lalacewar tasa ce take tsokano sojojin jini, an kuma ga suna rage saƙonnin da ƙwayoyin jiki suke aika wa juna na a zo a yi kumburi. A shekarar 2003 masu bincike a Taiwan suka ɗura wa zomaye abinci mai maiƙo, wasu da zoɓo wasu babu, suka tarar jijiyoyin waɗanda suka sha zoɓo ba su toshe kamar na sauran ba. A 2010 kuma a Sifaniya aka ba wasu mutane 'yan kaɗan ruwan zoɓo, aka ga ɗaya daga cikin sinadaran da ke kiran fararen ƙwayoyin jini zuwa wurin kumburi ya ragu a jininsu.

Sai dai fa zomo ba mutum ba ne. Yawancin hujjar da ake da ita a kan kumburin kansa daga dabbobi da kwalaben gwaji ta fito. Inda hujja ta fi ƙarfi a kan 'yan Adam shi ne hawan jini, wanda shi ne babban mai kurje bangon jijiyar tun farko.

ABIN DA AWO YA NUNA

In an auna jinin mutum ana samun lamba biyu, ta sama da ta ƙasa. Mai lafiya yana wajen 120 bisa 80, wanda kuma kullum ake samunsa 140 bisa 90 ko sama da haka, shi ne ake cewa yana da hawan jini.

A 1999 a ƙasar Iran aka gwada shayin zoɓo a kan masu hawan jini 54. Cikin kwana 12 lambar sama ta waɗanda suka sha ta sauka da kusan kashi 11 cikin 100, amma da suka daina sha, cikin 'yan kwanaki jinin ya fara komawa gidan jiya. Ki riƙe wannan, za mu dawo kansa. A 2004 a Meziko aka raba marasa lafiya 75 gida biyu, wasu suna shan jiƙon giram 10 na busasshen zoɓo a rabin litar ruwa kullum da safe, wasu suna shan ƙwayar asibiti mai suna kaftofiril, bayan mako 4 aka ga saukar jinin nasu kusan kunnen doki. Amma da mutanen nan suka sake gwaji a 2007 da wata ƙwayar, lisinofiril, ƙwayar ce ta yi gaba.

Wanda aka fi ambata shi ne na Jami'ar Tufts da ke Boston a Amurka, wanda Dakta Diane McKay ta jagoranta aka buga a 2010. Mutum 65 ne waɗanda jininsu ya fara hawa amma ba su fara shan magani ba. Rabi aka ba su kofi 3 na shayin zoɓo kullum har mako 6, rabi aka ba su wani jan ruwa mai kama da shi wanda babu zoɓo a ciki, don kada zuciya ta raya wa mutum sauƙin da babu. Masu shan na gasken lambarsu ta sama ta sauka da kusan 7, masu shan na bogi kuwa da 1 da 'yan kai. A nan gida ma, a 2015, likitoci a Inugu sun gwada shi na mako 4 a kan sababbin masu hawan jini, jinin kuma ya sauka.

Kada ki raina 7 ɗin nan, a lissafin likitoci ba ƙaramin abu ba ne ga wanda jininsa yake 135 ko 140. Amma ki yi lissafin da kanki, ke da kike aji biyar. Idan jinin Hajiya 180 ne, aka cire 7, nawa ya rage? Har yanzu tana bakin rami. A nan ne nake jin haushin masu tallan magani a lasifika da masu turo saƙo a WhatsApp cewa wai a watsar da ƙwayar Bature a koma zoɓo. Iyayenmu da yawa sun gaji da haɗiyar ƙwaya kullum, ga tsada, ga shi ba sa jin ciwon komai, don haka da sun ji irin wannan zance sai su karɓa hannu bibbiyu. Hawan jini kuwa ba ya sallama. Kuma kin dai ji abin da ya faru a Iran, ana daina sha jini yake komawa, wato zoɓon ma ba warkarwa yake ba, dannewa yake na ɗan lokaci. Ke da kike karanta takardar asibiti a gidanku, ke ce za ki zauna kusa da ita ki ce, "Umma, ki sha zoɓonki, amma don Allah ƙwayar nan ba a ajiye ta sai likita ya ce." In kuma tana shan ƙwayar tana kuma son ta riƙa shan zoɓo kullum, a gaya wa likitan, domin su biyun in suka haɗu suna iya saukar da jinin fiye da kima har jiri ya riƙa ɗibarta.

HANTA, BAIWAR DA BA TA ƘORAFI

Hanta ita ce 'yar aikin gidan da ba ta hutu. Ita take sarrafa abinci, ta adana ƙarfi, ta yi ɗacin da ke narka maiƙo, ta karya dafin magunguna. Ba ta kuma cika kuka da wuri ba, sai ɓarna ta yi nisa ake ganin ido ya yi ɗorawa ko ciki ya kumbura.

A Taiwan a shekarar 2000 an ba ɓeraye sinadarin jan launin zoɓo kafin a ɗura musu wata guba mai cin hanta, aka tarar hantarsu ba ta ƙone ta kumbura kamar ta waɗanda ba a ba su ba. A 2014 kuma a can ɗin dai aka gwada a kan mutane 36 masu ƙiba har mako 12, aka ga waɗanda aka ba sinadarin zoɓo kitsen da ya taru a hantarsu ya yi sauƙi, ƙugunsu ma ya ɗan ragu. Labari mai daɗi, amma mutum 36 ko cika ajinku ba za su yi ba, kuma abin da suka sha tataccen sinadari ne a ƙwanso, ba zoɓon leda ba.

Ga kuma ɗaya gefen. A 2003 masana a Akure suka yi ta ba ɓeraye zoɓo mai ƙarfi a kai a kai, sai awon jininsu ya nuna alamar hantar ta fara wahala. Abin da kaɗan ɗinsa ya kare hanta, shi ne yawansa ya dame ta. Wannan saƙo ne gare ku masu son a ce muku siririya, waɗanda kuke dafa zoɓo kirtif kamar jini ku cika jarka, ku ƙi cin abinci wai kuna rage teɓa kafin biki. Ba ramar kirki za ki yi ba, tsamin kuma zai cinye miki hasken haƙora.

Sannan mu faɗa wa juna gaskiya, babban abokin gabar hanta a ƙasar nan ba abin da zoɓo zai iya da shi ba ne. Ƙwayar cutar hanta ce nau'in B. Babban binciken da aka yi a faɗin Najeriya a 2018 ya nuna kusan mutum 8 cikin 100 na masu shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da ita, yawancinsu ba su sani ba. Ana ɗaukarta daga uwa wajen haihuwa, ta hanyar jini, reza da allurar da aka yi tarayya, askar wanzami ko ta mai yankan farce da ba a tsabtace ba, da kuma auratayya. Tana da rigakafi, wanda aka sa cikin alluran jarirai a Najeriya tun 2004. In an haife ki kafin nan, ko ba ki da tabbacin an yi miki, ki je a gwada ki. Ke kuma mai shirin aure, cikin gwaje-gwajen da za ku yi ke da angon kada a tsallake wannan, domin in ɗaya yana da ita ana yi wa ɗayan allura ya tsira. Wanda ya ce miki zoɓo ko wani jiƙo yana wanke wannan cuta, kuɗinki yake so.

INDA MUKE ƁATA RAWARMU DA TSALLE

Duk gwaje-gwajen nan da na lissafa, babu inda aka zuba gwangwanin sukari. Mu kuwa fa? A tafasa zoɓo, a juye sukari har sai cokali ya kusa tsayawa, a ƙara garin lemon fakiti, a ɗiga filebo kala uku. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa sukarin da babba zai sha a yini kada ya wuce kimanin ƙaramin cokali 12, in da hali ma 6. Ki tsaya kusa da mai haɗa zoɓon biki ki ƙirga da idonki. Abin takaicin shi ne rarar sukarin nan hanta ce take mayar da shi kitse ta ajiye a jikinta, wato ciwon da ake cewa zoɓo yana ragewa shi ne sukarin cikinsa yake haifarwa. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Sai kanwa. Wasu suna jefa 'yar kanwa don ta kashe tsami a samu sauƙin sukari. Kin lura da yadda launin yake juyewa ya yi duhu da zarar ta shiga? Sinadaran nan masu amfani ne suke sauya kama, domin a cikin tsami suke zaune lafiya, kanwa kuwa lalata su take. Ban da haka kanwa 'yar uwar gishiri ce, tana tara ruwa a jiki tana ƙara wa zuciya kaya. Tun a shekarun 1970 likitoci biyu a Zariya, Davidson da Parry, suka yi rubutu a kan yawan matan da zuciyarsu take gazawa bayan haihuwa, suka danganta abin da kunun kanwa da zafin gashin jego. Daga baya likitocin Kano sun ƙaro wasu dalilan, kamar talauci da ƙarancin wasu sinadarai a jiki, amma har gobe babu likitan zuciyar da zai ce miki ki ƙara kanwa.

Ruwan da aka yi zoɓon da shi ma abin dubawa ne, da ƙanƙarar, da bakin da ya hura ledar kafin a zuba. Cutar hanta nau'in A da nau'in E ta gurɓataccen ruwa suke shiga, kuma nau'in E ba ta raga wa mai ciki. Annobarta da ta ɓarke a Diffa ta Nijar a 2017, mata masu juna biyu ta fi kashewa. In kina sayarwa, ki tafasa ruwanki, ki wanke hannu, kada ki hura leda da baki, kada kuma ki tsinto robobin da ba ki san inda suka kwana ba.

Kar ki kora magani da zoɓo. A Sudan a 1994 an gano karkade da tsamiya da lemon tsami suna rage yawan kulorokwin da ke shiga jini, lokacin shi ne maganin zazzaɓin cizon sauro. A Jos kuma a 2004 an ga zoɓo yana taɓa saurin fitar farasitamol daga jiki. Magani da farin ruwa ake shansa. Tunda ma mun ambaci farasitamol, ku masu watsa shi uku-uku saboda ciwon mara, ku sani babba ba ya wuce ƙwaya 8 masu lamba 500 a yini guda, a rarrabe, kuma wuce hakan yana iya kashe hanta ɗungurungum.

Mai ciki kuwa ta yi haƙuri da zoɓo mai kauri da shan kullum, haka masana suke ba da shawara saboda abin da aka gani a gwajin dabbobi. In kuma ƙafarta tana kumbura, kanta yana sarawa, idonta yana ganin wuta-wuta, wannan ba na jiƙo ba ne, asibiti za a nufa a ranar, domin hawan jinin masu ciki shi yake kai wa ga jijjiga. Zancen cewa zoɓo yana ƙara jini don yana ja, shi ma kada ki dogara da shi. In kina yawan jiri bayan al'ada, cikin idonki ya yi fari, ki je a auna, ki kuma nemi hanta da nama da wake da ganye.

To yaya za a sha a amfana? Abin mamaki, a gwajin Boston abin da ke cikin kowane kofi giram 1 da kwata ne kacal, ɗan abin da za ki ɗebo da yatsu uku, aka jiƙa shi minti 6 a tafasasshen ruwa. Na Meziko mai giram 10 ma bai wuce cikin tafin hannu ba. Saboda haka ki zaɓi zoɓo mai tsabta wanda bai yi fumfuna ba, ki ɗauraye shi sama-sama don ƙasa ta fita, kada ki tsaya cuɗa shi har jan ya bi ruwa. Ki tafasa ruwa da citta da kanumfari da ɓawon abarba wankakke, ki sauke, sannan ki zuba zoɓon ki rufe kamar minti 10, domin doguwar tafasa tana kashe sinadaran. In da hali ki jiƙa a kwanon samira ko na tangaran, tsami yana cin tukunyar dalma. Ki tace da rariya mai laushi. Wajen zaƙi ki markaɗa abarba ko kankana ko dabino biyu-uku, in kuma sai da sukari, ƙaramin cokali ɗaya a kofi ya isa. Kwana uku na farko za ki yatsina fuska, daga nan harshe zai saba.

Kofi ɗaya ko biyu a yini ya wadatar da budurwa mai lafiya, a sha bayan an ci abinci, a kuskure baki da ruwa saboda haƙora. In kuma don Umma ko Baba ake yi, ki samo ɗan littafi ki ja layi, duk ranar da aka je kyamis ko asibiti aka auna jini ki rubuta kwanan wata da lambobin nan biyu, ki rubuta kofi nawa ake sha a yini, ranar ganin likita a tafi masa da littafin.